Kara Uku Zuwa Kasuwar Gadarif

Saura kwana uku Sallah na bar Mafaza. Da aka gama sahur ban koma barci ba, na yafa tob ɗina, wato babban mayafin matanmu, na ɗauki jaka, na je bakin randa inda surukata Jummai ta ce ta ajiye min saƙo. Saƙon karan dawa ne guda uku, dogo da matsakaici da gajere, an ɗaure su da tsumma. Wanda bai san mu ba sai ya ce na hura wuta ne, alhali ƙafafun jikokina ne. Haka muka taso muka ga ana yi: in za ka birni sayo wa yara takalmi ba ka kwasar yaran, sai kowa ya taka ƙasa, a gwada kara daga dunduniya zuwa babban yatsa, a yanke. In ka isa kasuwa ka zura karan cikin takalmi, wanda ya shiga daidai shi za ka ɗauka.

Dogon na Usman ne, ɗan shekara goma sha uku. Matsakaicin na ƙanwarsa Sa'adiyya. Su biyun 'ya'yan ɗana ne, a gabana aka haife su, kuma sun raina ni daidai yadda ya kamata jika ya raina kakarsa. Gajeren na Amir ne, ɗan 'yata Safiya, kuma saboda shi na yi tafiyar nan, ban ɓoye wa kowa ba. A Hartum aka haife shi. Yaƙi ya koro shi da uwarsa, suka iso mana da jaka ɗaya, yaron sanye da silifas da aka ɗaure da waya. Hausa ba ya yi, Larabcin ma ba ya yi da kowa sai uwarsa, shi ma a kunne. Watanni yana gidana bai taɓa ce min uffan ba. In na ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" yadda kowace kaka ke tsokanar jikanta, sai ya shige bayan uwarsa. Abin yana ci min rai ƙwarai. Na goyi yara, na goyi 'ya'yan yara, ban taɓa samun wanda ke guduna ba.

Ranar da za a yanka karan na durƙusa gabansa na gaya masa da Larabci cewa zan sayo masa takalmin Sallah irin wanda babu yaron da ya taɓa takawa a Mafaza. Bai amsa ba. Amma ya dube ni ido cikin ido, kuma da Jummai ta zo da kara shi da kansa ya miƙo ƙafa.

Malam, mai gidan namu, ya rako ni har ƙofar gida yana jan carbi. Addu'ar tafiya gajera ya yi, nasihar ce ta yi tsawo: kada in biye wa 'yan kasuwa, in duba ɗinki, in lanƙwasa gindin takalmin in gani, in sayo abin da zai kai baɗi. Na ce masa na ji. Shekara arba'in ina jin wannan karatun.

Daga Mafaza zuwa Ƙala'a

A tasha na sami boks, wato a-kori-kura, mai zuwa Gadarif. Na tambayi direban, wani siriri mai suna Siddig, yaushe za mu tashi.

"Hassa, ya Hajja, yanzu-yanzun nan. Mutum biyu kawai muke jira."

Mutum biyun nan sai da rana ta fito ta yi zafi suka cika, kuma da suka zo su tara ne, har da akuya. Gaban motar an ba wani dattijo marar lafiya, ni aka ɗora ni baya a kan buhun albasa. Ba mu gama fita gari ba na ji ana jan jakata. Ina dubawa sai ga akuya ta cusa kai, ta kama tsumman karan nan tana ja. Na kai mata duka, mai ita ya ce, "Malesh, yi haƙuri Hajja, ita ba ta azumi." Na ce masa in ta ci ƙafar jikana shi ma yau azuminsa zai karye.

Daga nan na zare karan daga jaka na cusa su cikin rigata, a ƙirji, na rufe da tob. Wurin ya yi tsaro, amma dogon na Usman ya tsaya min daidai ƙarƙashin haɓa. Hanyar kuwa ta baƙar ƙasa ce wadda ta bushe ta dare, duk inda mota ta faɗa rami sai ya zungure ni. Dole na zauna a miƙe, kai sama, ban iya duban dama ko hagu. Wata mata da ke gefena ta tambaye ni ko ciwon wuya nake yi, har tana gaya min wani mai magani a garin Doka.

Gonaki duk an girbe, ba ka ganin komai sai kututturen dawa da shanu suna kiwo a ciki. Kafin mu shiga Ƙala'at an-Nahal muka tarar da shinge. Aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani soja, yaro ne ƙarami wanda gashin bakinsa bai gama fitowa ba, ya lura da yadda nake tafiya a sandare, ya nuna ƙirjina da baki.

"Ya Hajja, me ke nan?"

"Ƙafafun jikokina."

Ya ja da baya taku ɗaya. Na zaro su na kwance tsumman, na yi masa bayani. Ya juya su, ya shinshina, ya leƙa cikin ɗaya ko an cusa wani abu. Can sai ya yi murmushi ya ce su a garinsu da zare ake yi, uwarsa takan ƙulla wa kowane yaro nasa ƙulli. Ya ɗaga dogon ya dube shi, ya ce, "Ma sha Allah, wannan jikan naki in ya girma ku kawo mana shi." Na ce Allah ya kiyaye, na karɓi kayana.

A Ƙala'a motar ta yi tari biyu ta mutu. Siddig ya buɗe gaba, ya leƙa, ya ce ƙaramin abu ne. Na riga na san ƙaramin abu a bakin direba, don haka na nemi inuwa gindin wani shago na shimfiɗa tob. Duwatsun garin suna ta feso zafi, ga azumi, yawun bakina ya ƙafe. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan. Sai da rana ta yi sanyi wani makanike ya zo a kan jaki, ya ɗaure abin da ya tsinke, muka tashi.

Waɗanda suka tare hanya

Rana tana gab da faɗuwa, Gadarif saura kaɗan, sai muka hango mutane sun tsaya tsakiyar hanya. Biyu daga cikinsu sun ware rawani sun ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Baƙo zai ce 'yan fashi ne, amma duk wanda ya taɓa tafiyar azumi a ƙasar nan ya san su: mutanen ƙauye ne, ba sa barin matafiyi ya wuce su lokacin shan ruwa.

Siddig ya leƙo da kai yana rantsuwa cewa mun makara, a bar mu mu ƙarasa. Wani dattijo ya dafa gaban motar ya yi rantsuwar da ta fi tasa girma, ya ce sai dai a bi ta kansa. Muka sauka. Maza suka zauna a tabarmin da aka shimfiɗa bakin hanya, mu mata aka shiga da mu cikin gida. Dabino, da hilu-mur mai sanyi, abin shanmu na azumi, a babban kwano, da dafaffen wake, da tuwon asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Ban san sunan matar gidan ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba, sai tura min kwano take tana cewa ban ci komai ba. Don in iya sunkuyawa kan tuwo sai da na ciro karan na ajiye a cinya, hannu ɗaya yana ci, ɗaya yana dafe da su, saboda na ga murhu a kusa kuma na ga yarinyar gidan tana neman abin iza wuta.

Bayan isha muka shiga Gadarif. Na hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa gidan ƙanena Haruna, tela ne a babbar kasuwa. Gidan cike yake da baƙi, dangin matarsa da suka gudo daga garuruwan da yaƙi ya ci, ko'ina ka juya ƙafar mutum ce. Aka fitar min da angarib, gadon igiya, a tsakar gida. Na sa karan ƙarƙashin matashi na kwanta, ƙasusuwana duk suna ƙara.

Kasuwar Gadarif

Da hantsi Haruna ya bar kekensa ya raka ni. Tun a hanya ya fara ba ni shawara.

"Yaya, ki bar wahalar takalmi. Ki sayi yadi, ni zan ɗinka musu riguna kyauta."

"Kai? Na ga tulin ɗinkin da ke shagonka, na kuma ga mutum uku zaune suna jiranka ba mai dariya. Ka fara gama na masu neman ka da sanda."

Ya kau da kai, don ya san gaskiya ce.

Kasuwa ta cika ta batse. Masu kuɗin ridi sun shigo daga ƙauyuka, baƙi sun ƙaru a kan 'yan gari, mutum ba ya taka ƙasa sai ƙafar wani. Na ce bari in fara zaga layin kayan wasa, ko zan haɗa musu da wani abu. Nan na gane saya wa yaro kaya ya fi aurar da 'ya wuya. Mai shagon farko ya miƙo min bindigar roba, ya ce ita yara ke yayi bana, kafin in hana shi ya danna. Abin ya yi ƙara tatatata, ni da girmana sai da na dafe ƙirji. Na tuna Amir, wanda in iska ta bugo ƙyaure yake shigewa ƙarƙashin gado. Na ce wa mutumin ya ji tsoron Allah, na wuce.

Na gaba yana da usur da ƙaho. Na ɗauki ɗaya, na hango fuskar Jummai in Usman ya fara busa shi da asuba, na ajiye. Akwai 'yar tsana mai jan gashi wadda in ka matsa cikinta take kuka. Na ce kukan da ke gidanmu ya ishe mu, ba sai na sayo wani da kuɗina ba. Ƙwallo kuwa na san inda za ta ƙare, cikin randa ko cikin tukunyar miya. Ga kuma babbar doka wadda duk mai jikoki ya sani: abin da ka ba ɗaya shi za ka ba sauran, iri ɗaya, launi ɗaya. In ka bambanta ko da maɓalli ne, ka sayo wa gidanka faɗan wata guda. Ƙarshe dai alewa na saya, wadda ba ta kuka ba ta fasa randa, muka nufi layin takalma.

Shago na huɗu ne ya tsayar da ni. Mai shi wani saurayi ne, Mu'awiya, ɗan Hausawanmu na Gadarif. Da ya ji abin da nake nema, takalmin da babu irinsa a Mafaza, sai ya ce in matso ciki inda babu haske sosai. Ya ɗauko wani farin kambas, ya buga dunduniyarsa da ƙarfi a kan benci. Wuta ta kama a gindin takalmin, ja da kore, tana walƙiya.

Na yi salati. Ya ce ba ya ƙona ƙafa, kuma ba ya kamawa sai an buga da ƙarfi. Na karɓa na buga da kaina har sau uku. Haske ba ƙara, ga kyau, ga ƙwari, don na lanƙwasa gindin yadda Malam ya ce. A take a raina na ga Amir yana gudu a tsakar gidana ƙafafunsa suna walƙiya. Na ce, "Shi nake so. Ƙafa uku, iri ɗaya."

Na kwance tsumma na miƙa masa gajeren. Ya zura a wani, bai shiga ba. Ya zura a na gaba, ya shiga cif.

"Tamam, ya yi daidai, Hajja, ga shi."

"Tamam ɗin me? Yaro girma yake. Kawo na gaba da shi."

Ya kawo. Na zura karan, na sa yatsana a bayansa, yatsa ya shiga daidai. Uwata haka take yi, kakata haka take yi, ba a saya wa yaro takalmi cif da ƙafa sai ka ce gobe zai daina tsawo.

Mu'awiya ya dubi takalmin, ya dube ni. "Hajja, shekarar yaron nawa?"

"Biyar bai cika ba."

"Wallahi wannan na ɗan shekara tara ne, ko goma."

"Ka taɓa ganinsa?"

"A'a, amma..."

"To karan nan ya gan shi. A ƙafarsa aka yanka, ina tsaye. Na fi yarda da shi a kan idonka."

Haka muka yi da na Sa'adiyya. Da aka zo kan na Usman, duk shagon aka rasa wanda dogon karan zai shiga har ya bar wurin yatsa. Mu'awiya ya hau tsani, ya sauko, ya leƙa maƙwabta, ƙarshe ya dawo da wani kwali mai ƙura, ya ce irin wannan manyan samari masu ƙwallo ke saye, ƙafa ɗaya ta rage. Da ya buɗe, Haruna ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya, wannan ai ko ni zai yi min yawa. Usman ɗin raƙumi ya zama?"

"Kai da ka taso da ƙafa kamar ta kaza, me ka sani? Yaran gidana hatsi suke ci."

Gaskiya a lokacin wani abu ya ɗan taɓa zuciyata, don ni ma ina da ido. Amma mutane sun fara taruwa suna kallo, saurayi ya musa min, ƙanena ya yi min dariya a bainar jama'a. In na ja da baya a nan, Haruna zai riƙa ba da labarin har ranar da za a binne ni. Kuma karan nan tun daga Mafaza ban bari ko ƙuda ya sauka a kansu ba. Na sha kunu na ce a ƙulle. Kuɗin da Mu'awiya ya faɗa sai da na nemi benci na zauna. Muka ja, muka ja, ya rantse, na tashi zan tafi, ya kira ni, har muka daidaita. Yana miƙo min ledar ya ce, "Hajja, in bai yi ba ki dawo da shi, zan canja miki." Na ce masa ya riƙe alherinsa.

Komawa

Washegari, jajibirin Sallah, na sami babbar mota tun da sassafe. Wannan karon Allah ya rufa asiri, ba akuya, ba abin da ya tsinke. A shingen Ƙala'a ban ga sojan nan ba, na kuwa so ya ga takalmin. Ledar tana kan cinyata har Mafaza, duk wanda ya matso sai in harare shi. La'asar sakaliya muka hango itatuwan bakin kogin Rahad.

Yara suka tare ni tun daga bakin layi. Na ce ba wanda zai ga komai sai an sha ruwa. Amir bai zo tarye ba, amma na hango shi a bakin ƙofar ɗakin uwarsa, rabin fuska a waje, idonsa a kan leda.

Bayan mun sha ruwa an yi magariba, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kowa ya hallara, har Malam da butarsa. Ban gaya wa kowa zancen wutar ba, na bar shi ya zama abin mamaki. Na fitar da ƙaramin, fari tas, na ajiye a gabana.

"Maigida, zo ka karɓi kayanka."

Sai ga Amir ya saki zanen uwarsa. Ya tako a hankali, ya zo har gabana, kusan da bai taɓa yi ba. Ya cire silifas ɗinsa mai waya ya jera a gefe. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu. Takalmin ya haɗiye su har idon sawu, a bayan dunduniya akwai wurin da kaza za ta yi ƙwai. Ya ɗaga ƙafa zai taka, ƙafar ta fito, takalmin ya tsaya inda yake.

Na jawo ledar na zaro gajeren karan, na kama ƙafar yaron na gwada. Karan ya wuce babban yatsansa da nisa.

"Jummai!"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, yatsa ɗaya kawai na ƙara wa kowanne lokacin da nake yankawa. Na ga yara girma suke."

"Yatsa ɗaya ba zai yi wannan ɓarnar ba."

Sai na ji Malam yana gyaran murya, ya ɗauki butarsa wai zai leƙa masallaci, alhali yanzu ya dawo. Sa'adiyya, wadda bakinta ba ya riƙe ruwa, ta ce, "Ni na ga Kaka Malam ranar nan a jikin danga da wuƙa, yana gwada kara."

Malam ya ajiye buta. Ya ce shi dai ya ga karan a bakin randa, ya san halin mata da sayen abu cif-cif, shi ya sa ya yanko wasu ya musanya, don takalmin ya kai baɗi. Yatsa ɗaya tak ya ƙara. Na ce ya nuna min yatsan. Ya ɗago babban yatsansa, na manomin da ya yi shekara hamsin yana riƙe fartanya, faɗinsa ya yi biyun nawa.

Na buɗe baki zan wanke su tas, sai Jummai ta ce a hankali, "Inna, ke ba ki ƙara ba?"

Na rufe bakina.

Sa'adiyya ce ta fara gane inda riba take. Ta zura ƙafa a takalmin Amir, ya zauna mata kamar a kanta aka yi shi. Usman ya ga haka ya ja na Sa'adiyya, shi ma ya yi masa daidai. Aka bar ƙaton nan guda a tsakiyar tabarma ba mai shi. Yaron da na yi tafiyar kwana uku dominsa kuwa ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinsa mai waya, ya saka, ya koma gefe ya zauna. Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da na fi samun sauƙi. A daidai lokacin aka fara guɗa a maƙwabta, an ga wata, gobe Sallah, babu motar da za ta sake tashi zuwa Gadarif. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan magaribar ba. Sau ɗaya yaron nan ya yarda da maganata, mu uku manya muka taru muka ɓata ta da dabararmu.

Haushin ya rasa inda zai sauka sai kan Malam. Na tura masa ƙaton takalmin da ƙafa.

"Ga naka. Kai ka yanka, kai za ka saka."

"Haba Hajja, da girmana?"

"Da girmanka ka je jikin danga da wuƙa. Saka. Kuɗi na biya, kuma ka ce a sayo mai kai wa baɗi."

Ya ga ba wasa a fuskata. Ya cire markub ɗinsa, takalminsa na fata, yana gunaguni, ya zura ƙafa. Ya shiga cif, ko wurin yatsa babu. Ya miƙe tsaye cikin farar jallabiya, ransa a ɓace, ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "To, shi ke nan? Hankalinki ya kwanta?"

Wuta ta kama, ja da kore.

Malam ya yi salati ya daka tsalle. Yana dira ɗaya ƙafar ma ta kama. Ya tattare jallabiya har gwiwa yana buga ƙafafu wai zai kashe wutar, yana bugawa tana ƙara walƙiya, yana kiran a kawo ruwa. Usman da Sa'adiyya suka gane, suka hau buga nasu, tsakar gida ta koma ja da kore. Jummai ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki.

A cikin hayaniyar nan na ji wata dariya da ban san ta ba, siririya, har da shiɗewa. Na waiga. Amir ne. Ya taso da gudu, silifas ɗaya ya fice bai kula ba, ya hau kan ƙafafun kakansa ya tsaya, ƙafa a kan ƙafa, ya ƙanƙame jallabiya, ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, "Tani!" Wato a sake.

Malam, wanda ko ranar aurenmu bai taka rawa ba, ya riƙe hannayen yaron ya shiga zaga tsakar gida yana dirka ƙafa, daga randa zuwa turken awaki, daga turke zuwa ƙofar ɗaki. Duk sa'ad da ya tsaya shan iska sai yaron ya ce, "Tani!" Safiya ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa.

Da tsohon ya gaji ya zube kan tabarma, na ga Sa'adiyya ta ja Amir gefe tana raɗa masa wani abu, tana maimaitawa, yana gyaɗa kai. Sai ga shi ya nufo ni, ƙafa ba takalmi, ya tsaya gabana ya riƙe ƙugu.

"Haboba," ya ce, wato Kaka, sannan da wata karkatacciyar Hausa, "na sake ki."

Wannan ita ce maganar da jika kan yi wa kakarsa in ta ɓata masa a wasan miji da mata, kuma ita ce Hausar farko da ta fito daga bakinsa.

Na ce, "Wayyo, maigida, laifin me na yi?"

Ya nuna ƙafarsa, ya buɗe hannuwa iya faɗinsu. "Takalmi kabiiir!"

Na jawo shi jikina, bai gudu ba. Ina dariya hawaye yana zuba a kansa.

Da safe Malam ya tafi Idi da takalminsa mai wuta, don Amir ya ƙi yarda ya sa markub. Yaron yana kan kafaɗarsa, shi kuma yana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, kada limamin gari ya ga walƙiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Siddig da motarsa mai tari, da mutanen da suka tare mu da rawani suka ciyar da mu, da Haruna da iyalinsa, duk da na san labarin nan ya riga ya zaga layin teloli. Mu'awiya kuwa, in wani ya karanta masa wannan, ya yi haƙuri, idonsa ya fi karana gaskiya. Ni dai har yau ina zawarci. Maigidana Amir ya ce ba zai mayar da ni ba sai na ɗauki ƙafarsa da kanta na kai kasuwar Gadarif, kuma kullum da safe sai ya zo bakin ɗakina ya tsaya ya tuna min.